Ko Ruwa Zai Iya Tuƙa Mota A Maimakon Fetur?

Daga Wakilinmu

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, har litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki kaɗan, wata tsohuwar magana ta sake tasowa a ofisoshi da tashoshin mota da ɗakunan kwanan ɗalibai. Maganar kuwa ita ce wai an daɗe da ƙera motar da ke tafiya da ruwa zalla, amma manyan kamfanonin mai na duniya suka danne ta don kada kasuwarsu ta mutu. Hotunan bidiyo suna ta yawo a wayoyin jama'a, ana nuna mutum ya tsiyaya ruwan gora cikin wata 'yar kwalba da aka ɗaura kusa da inji, ya murɗa makulli, mota ta tashi, 'yan kallo suna ta tafi.

Ba abin dariya ba ne. Ma'aikacin da kuɗin mota ke cinye masa kashi mai tsoka na albashinsa kafin tsakiyar wata yana da dalilin sauraron duk wanda ya ce ya zo masa da mafita. Haka kuma irin wannan magana ba a bakin titi take tsayawa ba. Takan shiga cikin fayil, ta hau teburin Babban Sakatare, a nemi gwamnati ta ba da kuɗin bincike ko fili ko kwangila. Saboda haka ya kamata ma'aikatan da irin wannan takarda za ta bi ta hannunsu, da ɗaliban da za su gaje su, su san amsar tambayar, su kuma san dalilin amsar.

Amsar dai ita ce a'a. Ruwa ba makamashi ba ne, kuma ba ƙarancin wayo ne ya hana shi zama makamashi ba.

Tokar Wutar Da Ta Riga Ta Ci

Masu wannan da'awa suna farawa ne da magana ta gaskiya, shi ya sa take shiga kunne. Tun a shekarar 1783 masanin nan na Faransa, Lavoisier, ya nuna cewa ruwa haɗin iskoki biyu ne, watau haidirojin da oksijin. A 1800 kuma wasu Ingilishi biyu, Nicholson da Carlisle, suka ratsa ruwa da wutar lantarki suka ga iskokin nan biyu suna rabuwa suna tasowa kamar kumfa. Haidirojin kuwa tana kama wuta sosai, tana kuma iya tayar da injin mota. Kowane ɗalibin sakandare da ya shiga ɗakin gwaje-gwaje ya ga an yi wannan.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce idan haidirojin ta ƙone, abin da ke saura shi ne ruwa. Watau ruwa shi ne tokar haidirojin. Ƙarfin da ke cikinta ya riga ya fita tun lokacin da ta haɗu da oksijin, kamar yadda ƙarfin itace ke fita ya bar toka a murhu. Wanda duk ke son ya sake raba su tilas ya mayar da wannan ƙarfi daidai wa daida, kuma a aikace sai ya biya fiye da haka, gama wani abu yakan salwanta ta hanyar zafi. Wannan ita ce ƙa'idar da masana suka tabbatar tun tsakiyar ƙarni na 19, cewa ba a ƙirƙirar ƙarfi daga babu, sai dai a juya shi daga wata siffa zuwa wata. Ba doka ce da wata majalisa ta kafa ba balle a yi mata gyara. Abu ne da aka auna sau da yawa ba a taɓa samun saɓaninsa ba.

Bari mu sa lissafi, don maganar ta fito fili. Cikin lita 9 na ruwa akwai haidirojin kilo 1. Kafin a fid da wannan kilo ɗaya da injunan zamani masu kyau, sai an kashe wutar lantarki kimanin yunit 50 ko fiye, irin yunit ɗin nan da muke saye a mita. Idan aka ƙona kilon nan, zafin da zai bayar kimanin yunit 33 ne, watau kwatankwacin abin da ke cikin fetur lita huɗu ba kaɗan. Daga cikin wannan kuma injin mota ba ya kai wa ƙafafu sai wajen kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu, saura ya bi lagireto da salansa. An zuba 50 ke nan, an kwashi wajen 10. Batirin ƙaramar mota kuwa, ko an cika shi fal, abin da ke cikinsa bai kai yunit ɗaya ba. Ashe sai an tara batura wajen 70 kafin a sami abin da bai kai galan guda na fetur ba.

Sai wani ya ce ai motar tana cajin batirinta da kanta in tana tafiya. Gaskiya ne, amma me ke juya na'urar cajin, wadda kanikawa ke kira altaneta? Injin ne ke jan ta da bel, kuma duk sa'ad da aka ƙara mata kaya sai ta ƙara wa injin nauyi. Mutumin da ya ciri naira goma daga aljihun dama ya sa a na hagu, kowane zagaye kuma naira takwas na zubewa, ba zai yi arziki ba komai yawan zagayen da ya yi. Wannan shi ne hukuncin 'yan kwalaben nan da ake sayarwa ana cewa suna rage shan mai. Iskar da suke fitarwa ba ta wuce lita ɗaya ko biyu a minti guda, alhali injin yana zuƙar ɗaruruwan litoci na iska a wannan mintin. Motar da ake nunawa a bidiyo fetur take sha, kwalbar kuwa rakiya take yi.

Mutanen Da Suka Yi Da'awar

Abin lura shi ne wannan magana takan taso ne duk lokacin da mai ya yi tsada ko ya yi wuya. A 1916, ana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani Ba'amurke mai suna Louis Enricht ya tara 'yan jarida ya nuna musu wani koren ruwa da ya ce in an ɗiga shi a ruwa sai ya zama man mota. Har Henry Ford sai da ya nuna sha'awa. Ba a taɓa ganin man a kasuwa ba, shi kuwa Enricht daga baya ya ƙare a gidan kurkuku kan wata zambar mai dabam.

Wanda ya fi suna cikinsu duka shi ne Stanley Meyer na jihar Ohayo a Amurka, wanda har yau sunansa ne ke fitowa a yawancin hotunan da ake turawa. Meyer ya ce ya gano hanyar raba ruwa da wuta 'yar kaɗan, ya kuma ce motarsa za ta ratsa Amurka daga Los Anjalis zuwa Niyok da ruwa galan 22 kacal. Ya sayar wa mutane izinin dillancin na'urar. A 1996 biyu daga cikinsu suka kai shi ƙara. Ranar da aka shirya wani farfesa daga Ingila zai duba motar, Meyer ya kawo uzuri, ba a duba ba. Masanan da kotu ta saurara suka binciki na'urar raba ruwan, suka ce babu wani sabon abu a cikinta, hanyar nan ce da aka sani tun 1800. Kotu ta same shi da babbar zamba, ta umurce shi ya mayar musu da dalarsu 25,000. Ya rasu a 1998 yana cikin cin abinci a wani gidan abinci, magoya bayansa suka ce guba aka sa masa, amma likitan gwamnati da ya binciki gawar ya ce jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarsa.

A ƙasar Filifin, Daniel Dingel ya shafe shekaru fiye da 30 yana cewa yana da irin wannan mota. Wani kamfanin Taiwan ya ba shi kuɗi don ya ƙera samfuri, bai ƙera ba, a 2008 kotu ta yanke masa hukuncin ɗauri yana da shekara 82. A wannan shekarar dai, lokacin da gangar ɗanyen mai ta kusa dala 150, wani kamfanin Japan mai suna Genepax ya nuna tasa motar ga manema labarai, shekara na zagayowa ya rufe harkar.

Amma labaran da ya kamata ma'aikacin gwamnati ya fi yin tunani a kansu su ne na Pakistan da Zimbabuwe, domin a can hukuma ce da kanta ta faɗa ramin. A 2012 wani mai suna Agha Waqar Ahmad ya fito da abin da ya kira na'urar ruwa, a daidai lokacin da Pakistan ke fama da ƙarancin mai da lantarki. Ministoci suka yaba masa a bainar jama'a, gidajen talabijin suka mai da shi gwarzo, har wasu manyan masana na ƙasar suka ce abin mai yiwuwa ne. Malaman kimiyya irin su Farfesa Pervez Hoodbhoy da suka ce ƙarya ce, sai da aka zarge su da hassada da rashin kishin ƙasa. Na'urar ba ta kai ko'ina ba. A Zimbabuwe kuwa, a 2007, sa'ad da gidajen mai suka bushe, wata boka mai suna Rotina Mavhunga ta ce man gas tatacce yana ɓuɓɓugowa daga wani dutse kusa da garin Cinhoyi in ta buge shi da sanda. Gwamnatin Robert Mugabe ta tura ministoci su gano, suka tuɓe takalma suka zauna gabanta, suka koma suka ba da rahoton cewa gaskiya ne, aka ba ta dukiya mai yawa. Ashe tanki ne aka ɓoye a saman dutsen da bututu, wani yana buɗe famfo in an ba shi alama. Daga baya kotu ta ɗaure ta. Ministocin nan ba jahilai ba ne. Matsuwa ce ta sa suka so abin ya zama gaskiya, kuma babu ƙaramin ma'aikacin da ya iya tsayawa ya ce a hau dutsen a duba.

Game da zancen cewa kamfanonin mai ne suka ɓoye asirin, tambaya ɗaya ta isa. Ƙasashen Japan da Indiya da Sin suna kashe biliyoyin daloli kowace shekara wajen sayen mai daga waje, suna kuma da injiniyoyi dubbai. Jamus ta Hitila ta rasa mai har jiragenta suka kasa tashi a ƙarshen yaƙi. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta sha takunkumin mai shekara da shekaru. Wane kamfani ne ya isa ya hana waɗannan duka ɗiban ruwan teku? Daɗin daɗawa, takardun rajistar ƙirƙira da Meyer ya samu a buɗe suke ga kowa, wa'adin kariyarsu ma ya ƙare tuni, kowa na iya kwaikwaya ba tare da biyan ko kwabo ba. A nan ya kamata a tuna cewa takardar rajistar ƙirƙira shaida ce ta cewa mutum ya riga kowa kawo wata dabara, ba shaida ba ce ta cewa an gwada dabarar an ga tana aiki. Mai ƙirƙira yakan ɗora ta a kan tebur kamar hujja, jami'in da bai san wannan bambanci ba sai ya rusuna.

Inda Ruwa Ke Da Hannu

Akwai wurare da yawa da ruwa ke shiga aikin inji, su ne kuma ke rikita mutane. Jiragen ƙasan da suka yi ta jigilar gyaɗa da auduga daga Kano zuwa Ikko da tururi suke tafiya, amma gawayin Inugu ne ke dafa ruwan. An ma yi motocin tururi. Wata ƙirar Stanley ta yi gudun mil 127 a awa a 1906, da mai a murhunta. Masu walda a bakin hanya suna jefa farin dutsen nan kabaid cikin ruwa, iska mai cin wuta ta fito, har ana iya tayar da inji da ita. Mai kallo sai ya ce ruwa ne ke ci. Ƙarfin kuwa yana cikin dutsen ne, wanda aka toya shi a masana'anta da wutar lantarki mai yawan gaske, kuma in ya narke sai an sayi wani. Yawancin dabarun da ake rufe wa 'yan jarida ido da su irin wannan ne: akwai wani gari ko ƙarfe a cikin akwatin da ke cinyewa a hankali, mai na'urar kuma ba ya yarda a buɗe akwatin.

Akwai kuma motocin haidirojin na gaskiya, kamar Mirai da kamfanin Toyota ya fitar a 2014. Ana ɗura mata haidirojin wajen kilo biyar a tukwane masu ƙarfi, tana mai da ita lantarki, abin da ke ɗiga daga bayanta ruwa ne. Sai a lura, ruwan fita yake yi, ba shiga ba. Haidirojin ɗin kuwa an yi ta ne a wata masana'anta, galibi daga iskar gas. In ana neman motar da za a ce ruwa ne ke tuƙa ta ba tare da an yi ƙarya ba, to, ita ce motar lantarki da aka yi wa caji da wutar Kainji ko Shiroro. Can ma ba ruwan ake ƙonawa ba, nauyinsa ne da ke gangarowa daga tudu ke juya injuna, rana kuma ita ce ta ɗaga shi sama tun farko ta mai da shi girgije.

Ɗalibai za su tuna labarin 'yan matan sakandare huɗu da suka nuna janareta mai aiki da fitsari a wani bikin baje kolin ƙere-ƙere a Ikko a 2012, jaridun duniya suka yi ta yayatawa. Yaran sun cancanci yabo saboda himmarsu. Laifin na manya ne da ba su tambaya ba daga ina wutar da ke raba fitsarin take zuwa.

Waɗanda Suka Yi Aiki

Kada wannan bayani ya sa a ɗauka cewa fetur da man gas kaɗai ke iya tuƙa mota. Inji ba ruwansa da sunan abin da aka ba shi, muddin yana ɗauke da ƙarfin da bai riga ya fita ba. A bikin baje kolin duniya na Faris a 1900 an nuna injin ƙirar Rudolf Diesel yana aiki da man gyaɗa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu motoci kusan miliyan guda a Turai sun yi tafiya da hayaƙin itace da gawayi, kowace da tukunyarta a goye. Suna da rauni a hawan tudu, suna da datti, amma sun kai mutane inda za su. Afirka ta Kudu ta kafa kamfanin Sasol a 1950 tana tatsar man mota daga gawayin ƙasa.

Misalin da ya fi dacewa a yi nazari a kansa shi ne na Barazil. Bayan rikicin mai na 1973, lokacin da farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa wajen dala 12, gwamnatin ƙasar ta kafa shiri a 1975 na yin man mota daga rake, watau sinadarin itanol. A 1979 aka fitar da Fiat 147 mai shan wannan sinadari zalla, a 2003 kuma aka fara sayar da motocin da ke karɓar fetur ko itanol ko gaurayensu, duk wanda ya fi araha a ranar. Ba asiri a ciki, ba kuma mutum ɗaya ne ya yi shi a bayan gidansa ba. Gonaki ne, da masana'antu, da bashin banki, da dokar da ta tilasta wa gidajen mai su sayar, da haƙurin shekaru kusan talatin, ciki har da lokacin da shirin ya kusa rushewa da mai ya yi arha a ƙarshen shekarun 1980. Malawi ma, da ƙanƙantarta, tana gauraya itanol na rake da fetur tun 1982. Nijeriya ta fid da manufarta ta irin wannan mai a 2007, amma ba ta kama ƙafar waɗannan ba.

Kowane ɗaya cikin waɗannan yana da farashinsa. Man gyaɗa zai tayar da injin gas, amma a mafi yawan lokuta litarsa ta fi ta man gas tsada, kuma abin da aka zuba a tanki an ɗauke shi ne daga tukunyar miya. Bini-da-zugu, wanda aka yi ta kururutawa a shekarun 2000 wai zai yi yabanya a ƙasar da ba ta noma, ya nuna cewa shi ma sai da ruwa da taki yake ba da 'ya'ya masu yawa, manyan gonakin da aka buɗe dominsa a ƙasashen Afirka da dama suka tashi. Kuma inji yana da abin da aka gina shi ya sha: a watan Fabrairu na 2022, da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin ƙasar nan, motoci da dama sun lalace, janye man daga kasuwa kuma ya jawo dogayen layuka na makonni.

Abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne iskar gas da ake matsawa cikin tukunya, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa wa shiri na musamman a 2023. Wannan makamashi ne na gaskiya, ƙasar nan tana da shi da yawa, har ma an shafe shekaru ana ƙona shi a banza a yankin Neja Dalta. Pakistan da Iran da Indiya da Ajantina sun daɗe suna tuƙa miliyoyin motoci da shi. Wahalarsa a Arewa ita ce nisa daga rijiyoyin, abin da ya sa aka ƙaddamar da aikin bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 a 2020. Sai kuma kuɗin juya injin, da haɗarin tukwanen jabu, gama iskar tana cikin matsi mai tsanani ƙwarai. A watan Oktoba na 2024 wata mota mai tukunyar da ba ta cika ƙa'ida ba ta fashe a wajen ɗura gas a garin Binin, mutane suka ji raunuka. A nan ne ake bukatar idon hukuma da kuɗinta.

Idan kuwa wani ya shigo ofis gobe da motarsa mai shan ruwa, ba sai an kore shi ba, ba kuma sai an yi gardamar kimiyya da shi ba. Gwajin ba shi da tsada. A miƙa motar ga sashen injiniya na wata jami'a, su cire tankin fetur ɗungum da bututunsa, su buɗe kowane akwati, su auna batirin da nauyin duk abin da ke cikin na'urar, su kawo ruwan da kansu daga famfo. Sa'an nan direbansu, ba mai motar ba, ya tuƙa ta daga Kaduna zuwa Kano ya komo, a sake auna kome. A rubuta cikin fayil cewa ba za a saki ko sisi ba sai rahoton wannan tafiya ya iso da sa hannun waɗanda suka yi awon.